Fita Ɗaukar Hoto a Gundumar Clare ta Ƙasar Ireland: Tambayoyi da Amsoshi

Gundumar Clare tana yammacin ƙasar Ireland, tsakanin kogin Shannon da tekun Atlantika, kuma babban garinta shi ne Ennis. Na daɗe ina bin masu sha'awar ɗaukar hoto na wannan yanki zuwa bakin teku da kasuwannin shanu da filayen wasa, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan uwa da abokai suka fi yi mini a duk lokacin da na aika musu abin da na ɗauko.

Su wane ne masu wannan fita, kuma da ita suke ci?

Kusan dukkansu suna da abin yinsu dabam. A cikinsu akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da manoma da direbobi, sannan akwai dattawa maza da mata da suka yi ritaya, waɗanda su ne suka fi kowa zuwa a kan lokaci. Abin da ya haɗa su shi ne ƙungiyar masu kyamara ta garinsu, wadda takan zauna da daddare a ɗakin taron al'umma ko a wani ɗaki na otal, galibi daga watan Satumba zuwa Mayu, sannan ta shirya fita a ranakun Asabar ko Lahadi.

Wannan al'ada ta daɗe a ƙasar. Tun a 1854 aka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta farko a birnin Dublin, kuma a cikin waɗancan shekarun ne Mary Rosse, uwargidan mai fadar Birr, ta mayar da wani ɗaki na fadar wurin wanke hotuna, ɗakin da har yau yana nan. An kafa Dublin Camera Club a 1945, kuma a yau akwai uwar ƙungiya mai suna Irish Photographic Federation wadda ƙungiyoyin garuruwa suke ƙarƙashinta.

Me ya sa aka zaɓi Clare a wannan bayani?

Saboda a cikin tafiyar sa'a ɗaya daga Ennis mutum zai iya isa wurare da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A arewa akwai Burren, inda ƙasa take shimfiɗe da farin dutse mai tsage-tsage, kuma a cikin tsagogin ne ƙananan furanni shuɗɗa suke fitowa a watannin Afrilu da Mayu. A can ne kuma kabarin dutse na Poulnabrone yake, wanda ya haura shekara 5,000 a tsaye. A yamma akwai tsaunukan bakin teku na Moher, waɗanda tsayinsu ya kai mita 214 a wuri mafi tudu, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suke ziyartarsu a shekara. A kudu maso yamma ƙasa takan tsuke har ta ƙare a Loop Head, inda hasumiyar haskaka wa jiragen ruwa hanya take. Daga ƙauyen Doolin kuma ana shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Aran, inda gawar wani jirgi mai suna Plassey take kwance a kan duwatsun Inis Oírr tun 1960, tsatsa ta cinye ta, masu kyamara ba sa gajiya da ita.

Duk da haka, a ganina waɗannan wuraren ba su ne suka fi daraja ba. Hoton Moher an ɗauke shi sau miliyoyi, kuma wanda zan ɗauka gobe ba zai ƙara wa kowa komai ba. Abin da yake ɓacewa idan ba a ɗauka ba shi ne mutanen gundumar su kimanin 128,000 da yadda suke gudanar da ranakunsu.

Yaya ranar fita take gudana?

Sakataren ƙungiya yakan sanar da wuri da lokaci a zauren WhatsApp, a haɗu a wurin ajiye motoci na coci ko na babban kanti, a raba mutane cikin motoci uku ko huɗu don rage kuɗin mai. Hanyoyin karkara matsattsu ne ƙwarai, katangar dutse a dama, katangar dutse a hagu, ciyawa ta tsiro a tsakiya, ta yadda idan motoci biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya zuwa bakin wata ƙofar gona. Duk direban da aka wuce sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ko ya san ka ko bai san ka ba, kuma rashin mayar da wannan gaisuwa abu ne da ake lura da shi.

Na tuna wata safiyar Nuwamba da muka je Burren. Mun isa gari bai gama wayewa ba, kowa ya kafa sandarsa mai ƙafa uku yana jiran rana ta fito ta bayan tsauni, amma gajimare ya rufe ko'ina. Muna tsaye hannuwanmu sun ƙage da sanyi sai ga wani manomi ya biyo hanya da shanunsa kamar goma sha biyu, yana kora su zuwa tudu da sandar itace, karensa yana zagaye su. A Burren haka ake yi: da hunturu ake hawa da shanu kan duwatsu, domin dutsen yana riƙe ɗumi, ƙasar ba ta caɓewa, kuma akwai busasshiyar ciyawa da ruwan sha. Babu wanda ya ɗaga kyamara a cikinmu. Wata dattijuwa da ta fi mu daɗewa a ƙungiyar ta matsa ta gaishe shi, suka yi maganar sanyi, suka yi maganar farashin maruƙa, ta tambaye shi ko shi ɗan gidan su wane ne, ya ce ƙanen mahaifinsa ne. Sai da aka kai nan sannan ta ce ko zai bari mu ɗauki shanun. Ya ce mu ɗauka, har ya tsaya ya jingina da sandarsa, tururin numfashin shanun yana tashi a bayansa. Bayan mako biyu ta wanke hoton ta kai masa har gida.

Ruwan sama ba ya hana fita?

Da ruwa yana hana fita, da ba a fita ba sam. Bisa ƙididdigar Met Éireann, hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, wasu sassan yamma suna samun ruwa a kimanin kwana 225 a shekara, gabashin ƙasar kuma kimanin 150. Ruwan nasu ba irin na daminarmu ba ne da hadari zai haɗu, a yi tsawa, a sheƙa kamar da bakin ƙwarya, sannan gari ya washe. Yawanci yayyafi ne siriri wanda iska take kaɗowa daga teku, yana jiƙa mutum a hankali har cikin riga ba tare da ya ankara ba. Irin wannan rana suna kiranta rana mai laushi, kuma suna faɗin haka ne da jin daɗi.

Masu ɗaukar hoto suna ƙaunar wannan yanayi saboda dalili mai ƙarfi. Iskar Atlantika tana tura gajimare da sauri, don haka haske yana canzawa cikin mintuna kaɗan: yanzu duhu, an jima rana ta keto ta wata kafa ta haska gona guda ɗaya tak a tsakiyar kwari, sauran duk suna cikin inuwa, bakan gizo ya tsaya a kan teku. Dutse da ganye kuma idan sun jiƙe launinsu yakan fito fiye da lokacin da suke bushe. Wanda ya koma mota da ɗigon farko yakan rasa waɗannan mintunan, shi ya sa tsofaffin hannu suke lulluɓe kyamara da leda su tsaya.

Abin da yake soke fita shi ne gargaɗin guguwa. Met Éireann tana fitar da gargaɗi hawa uku, rawaya da ruwan lemo da ja, kuma idan aka kai na biyu ko na uku, ƙungiya mai hankali ba ta kai mutanenta bakin teku.

Wane lokaci ne haske ya fi kyau?

Nan ne wanda ya tashi a Kano ko Zinder yake shan mamaki, domin a wajenmu tsawon yini bai cika bambanta sosai tsakanin watanni ba. A Clare, a ƙarshen watan Yuni rana takan fito wajen ƙarfe 5 na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, wato yinin kusan sa'a 17. A ƙarshen Disamba kuwa sai kusan ƙarfe 9 saura kwata take fitowa, kafin ƙarfe 4 da rabi na yamma ta faɗi. Amma a cikin wannan gajeren yini rana ba ta hawa tsakiyar sama, tana bin gefe ne kawai, don haka inuwa doguwa ce daga safe har yamma, kuma hasken yana da taushi irin wanda mu sai dab da magariba muke samunsa. Saboda haka da yawa daga cikin masu ɗaukar hoton fili sun fi son Oktoba zuwa Fabrairu duk da sanyi. Da Yuni kuwa, wanda yake son fitowar rana sai ya bar gida tun ƙarfe 4.

Dole ne sai mutum ya mallaki kyamara mai tsada?

Ba dole ba ne. Ana zuwa fita da wayar hannu, kuma babu mai raina mai ita. Kuɗin farko gara ya tafi a kan rigar ruwa ta gaske da takalman da ruwa ba ya shiga, domin wanda ƙafarsa ta jiƙe hankalinsa ba ya kan hoto. Sai kuma batir na biyu a aljihun ciki, saboda sanyi yana cinye caji da wuri, da ɗan ƙyalle na goge idon kyamara, musamman a bakin teku inda feshin gishiri yake dusashe shi.

Ana iya shiga kowace gona ko hawa kowane tudu?

Ba a iya shiga. A Ireland doka ba ta ba kowa haƙƙin ratsa filin wani ba, kuma kusan duk wani tudu ko fadama da ido ya gani yana da mai shi, ko da babu shinge. Akwai hanyoyin tafiya da aka yi wa alama bisa yarjejeniya da manoma, akwai kuma gandun ƙasa na Burren a kewayen tsaunin Mullaghmore, waɗannan kowa yana iya binsu. Ban da su, sai an nemi izini, kuma galibi ana bayarwa idan an je ƙofar gida an yi sallama. Ƙa'idar ƙofar gona ita ce a bar ta yadda aka same ta. Ba a hawa katangar dutse, domin an jera duwatsun ne ba tare da siminti ba, kuma ƙafa ɗaya tana iya rusa aikin da kakan mai gonar ya yi. Ba a zuwa da kare lokacin haihuwar tumaki, kuma filin da aka ga bijimi a ciki ba a gwada shi.

Akwai dokoki biyu da sababbin shiga suke mantawa. Ɗaukar hoton tsuntsun daji a kan sheƙarsa ko kusa da ita yana buƙatar lasisi daga hukumar kula da gandun daji da namun dawa. Ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauke da kyamara kuma sai mai shi ya yi rajista da hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, kuma ba a tashinsa sama da mita 120.

Doka ta yarda a ɗauki hoton mutane a kan titi?

A wurin da yake na jama'a, kamar titi ko dandali, ɗaukar hoto ba laifi ba ne. Inda ake taka-tsantsan shi ne wallafawa, musamman tun da dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018, kuma an fi tsanantawa a kan yara. Ƙungiyoyin wasanni da makarantu suna neman amincewar iyaye kafin a ɗauki 'ya'yansu, don haka baƙon da ya tsaya a bakin filin wasan yara da doguwar kyamara ya san cewa za a zo a tambaye shi ko wane ne shi, kuma masu tambayar suna da gaskiya.

Amma a ƙaramin gari abin da ya fi doka nauyi shi ne cewa gobe ma za a sake haɗuwa. Matar da aka ɗauka ba da saninta ba a bakin kanti, wataƙila ita ce za a tarar a gidan waya ranar Litinin, ko kuma ƙanwar maƙwabci ce. Shi ya sa nake ganin gaisuwa ita ce rabin aikin. Mutanen yammacin Ireland ba sa son a zo musu da buƙata kai tsaye. Ana farawa da yanayi, a gangaro kan wasan da aka buga ranar Lahadi, a binciki dangantaka, sannan a zo ga abin da ya kawo mutum. Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa wannan, tun da mu ma ba ma shiga magana sai mun tambayi gajiya da iyali da sanyi.

A ina ake ganin rayuwar yau da kullum da ta cancanci hoto?

Wuri na farko da nake kai kowa shi ne kasuwar shanu ta Ennis. Ba irin kararmu ba ce ta fili, rufaffen gini ne mai da'ira a tsakiya, ana shigo da dabba ɗaya ko rukuni, kowace da lamba rawaya a kunne, nauyinta ya fito a allon lantarki, mai gwanjo yana zuba farashi da sauri ta lasifika. Masu saye suna jingine da ƙarfen da'irar, hannuwansu a zure ta tsakanin sanduna, kuma tayin nasu ba ya wuce ɗaga gira ko motsa yatsa, don kada na kusa ya gane. Hoton yana cikin waɗannan hannuwa da fuskoki, da na mai sayarwa da yake sauraron a yanke wa wahalar shekara biyu farashi cikin minti ɗaya. Tun daga 2020 ana kuma yin tayi ta intanet, don haka za a ga dattijo da hular ulu yana duba waya a tsakiyar hayaniya. A nan ma sai an nemi izinin ofishin kasuwar, kuma ba a kunna fitilar kyamara a fuskar dabbobi.

Ranar 23 ga Yuni ta kowace shekara ana cin kasuwar dawaki ta Spancilhill, a wani fili da bai da nisa da Ennis, kasuwar da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana ci. A can ciniki na baki da baki ne, da dillali a tsakani yana jan hannun wannan yana haɗawa da na wancan, har a tafa a rufe magana. Bayan an biya, mai sayarwa yakan mayar wa mai saye ɗan wani abu daga cikin kuɗin, wai don dabbar ta yi albarka.

Sai filin hurling, wasan da ake bugawa da sandar itace da ƙaramar ƙwallon fata, mutum 15 a kowane gefe. Hukumar GAA da take kula da shi an kafa ta a 1884, kuma Michael Cusack, jagoran kafa ta, ɗan ƙauyen Carron ne a Burren, shi ya sa babban filin Ennis yake ɗauke da sunansa. 'Yan wasan ba a biyansu albashi, kowa yana buga wa unguwar da aka haife shi, don haka wanda ya ci ƙwallo ranar Lahadi shi ne zai koyar da yara ko ya tatsi shanu ranar Litinin. Clare ta ɗauki kofin ƙasa a 1914 da 1995 da 1997 da 2013, sannan a 2024 bayan ta doke Cork, kuma a irin waɗannan makonni har tumaki da tsofaffin motoci akan shafa wa rawaya da shuɗi. Wasan yana da sauri ƙwarai, kama ƙwallon a hoto sai gwani, amma ni na fi juya kyamara wajen 'yan kallo da masu raba shayi a bakin fili.

A watan Yuli garin Miltown Malbay yakan cika da makaɗan gargajiya don makon tunawa da shahararren makaɗi Willie Clancy, makon da ake yi tun 1973, yara da goge a hannu suna zaune a kan dakalin shaguna suna bita. Akwai kuma masu aikin sa-kai na gasar tsaftar garuruwa da aka fara a 1958, wadda Ennis ta lashe a 2005 da 2021. Da yamma za a gan su da riguna masu ƙyalli suna cire ciyawa a gefen titi. Wannan aikin taron dangi yana da tsohon suna a harshen Irish, meitheal, kuma ma'anarsa daidai take da gayya.

Akwai abin da ba a ɗauka ko da an samu dama?

Jana'iza. A karkarar Ireland mutuwa al'amarin gari ne baki ɗaya: gidan rediyon yankin yana karanta sanarwar rasuwa kullum, ana zaman makoki a gida da gawar a ɗaki, mutane suna yin layi mai tsawo don su riƙe hannun iyalan, a wasu ƙauyuka maƙwabta ne suke haƙa kabari, kuma idan motar gawa za ta ratsa gari masu shaguna sukan rufe ƙofa su tsaya a bakin titi. Duk mai ido zai ga cewa akwai hoto mai ƙarfi a wurin. Na taɓa kasancewa tare da ƙungiya a wani ƙaramin gari sa'ad da irin wannan ayari ya biyo, kuma ba tare da kowa ya yi magana ba duk muka sauke kyamarori, maza suka cire huluna, muka tsaya har aka wuce. Sai dai idan iyalan da kansu suka nemi a ɗauka.

Me ya sa kangayen gidajen dutse suke yawan fitowa a hotunan yankin?

Saboda suna ko'ina, kuma kowannensu iyali ne da suka tafi. A ƙidayar 1841 mutanen Clare sun kai kimanin 286,000, fiye da ninki biyu na yau. Daga 1845 cuta ta lalata dankalin turawa, wanda shi ne abincin talakawa, aka shiga babbar yunwa da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya a tsibirin, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira, kuma a yankin Kilrush masu filaye sun kori dubban iyalai daga gidajensu. Hijira zuwa Amurka da Ingila da Ostireliya ta ci gaba har fiye da shekara ɗari bayan haka. Ina ganin bai dace mutum ya ɗauki irin wannan kango don kyan gansakuka da faɗuwar rana kawai ba. Idan aka tambayi manomin da ke kusa, sau da yawa zai faɗi sunan gidan da garin da na ƙarshensu ya tafi, kuma wannan bayani ya kamata ya bi hoton.

Wane haɗari ne ya fi kamata a kiyaye?

Teku. A gaɓar yamma ruwa yana cikowa ya janye sau biyu a yini, bambancin yakan kai mita huɗu ko fiye, don haka dutsen da aka taka a bushe da ƙarfe 2 yana iya zama tsibiri da ƙarfe 4. Ana duba jadawalin cikowar ruwa kafin a bar gida, kuma ba a juya wa teku baya, domin a cikin igiyoyi masu kama da juna wata babba takan zo ba zato. A Moher bakin tsaunin yana zaizayewa, iska tana bugowa ba gargaɗi, kuma an yi asarar rayuka a wurin, har da na masu neman hoto. Lambar gaggawa ita ce 112 ko 999, a nemi masu tsaron gaɓar teku.

Baƙo yana samun shiga, musamman wanda ba ya shan giya?

Yana samu, kodayake a hankali ne. A ƙauyukansu wanda ba a nan aka haife shi ba suna kiransa wanda iska ta kaɗo, ko da ya shekara talatin, ko da daga Dublin ya zo, don haka bai kamata Bahaushe ya ɗauki sunan da zafi ba. Ƙungiyar masu kyamara tana cikin ƙofofi mafi sauƙi, saboda akwai abin yi a hannu, ba sai mutum ya iya zance ba, kuma zaman mota na sa'a guda yana buɗe hirar da shekara guda ta gaisuwar bakin titi ba ta buɗewa.

Yawancin fita da rana ake yi, kuma takan ƙare ne a shagon shayi, da miya mai zafi da burodi mai ruwan ƙasa. Wani lokaci a ƙaramin ƙauye mashaya ce kaɗai wurin da ake sayar da abinci, kuma a nan kowa ya san abin da ya dace da shi. Wanda ya ce zai jira a mota ko zai wuce gida ba a tsare shi da tambaya, wanda ya shiga ya nemi shayi ba a kallonsa, tun da masu tuƙi ma abin da suke sha ke nan. Musulmi a duk ƙasar Ireland sun haura 81,000 a ƙidayar 2022, don haka salla da azumi ba baƙin abubuwa ba ne ga mutane da yawa. Ni dai da na ce zan ɗan keɓe in yi azahar a bayan wata katanga, abokin tafiyata ya riƙe mini jaka, ya kuma ciro taswira a wayarsa yana neman gabas maso kudu.

Ina hotunan suke ƙarewa?

Da farko suna komawa zaman ƙungiya, inda ake yin gasa a kan wani jigo, a gayyato alƙali daga wani gari ya tsaya a gaban kowane hoto ya faɗi abin da ya gani, mai kyau da marar kyau, mai hoton yana zaune bai bayyana kansa ba. Wanda ya yi nisa yakan haɗa jerin hotuna ya kai wa uwar ƙungiya don neman shaidar ƙwarewa, wadda take hawa uku. Wasu hotunan suna shiga baje kolin shekara a ɗakin karatu na gari, wasu kalandar da ake sayarwa don tara kuɗin gyaran filin wasa, wasu kuma jaridar Clare Champion da take fitowa tun 1903.

Amfaninsu na gaske yakan bayyana ne bayan shekaru. Francis Browne, limamin Katolika ɗan Cork, an san shi da hotunan da ya ɗauka a cikin jirgin Titanic kafin ya sauka a Queenstown, wato Cobh ta yau, a watan Afrilun 1912. Amma kimanin shekara 25 bayan rasuwarsa a 1960 aka buɗe wani akwatin ƙarfe aka tarar da fina-finan hoto kusan 42,000, mafi yawansu na yara a makaranta da maƙera da masunta da mata a bakin kasuwa. A 1954 Dorothea Lange, Ba'amurkiya, ta zauna a Clare tana ɗaukar manoma a kasuwa da masu fitowa daga coci, mujallar Life ta buga kaɗan daga ciki a 1955, kuma bayan shekaru mutanen yankin suka riƙa gane iyayensu da kakanninsu a cikin sauran. Ɗakin karatu na ƙasa da ke Dublin yana adana da faifan gilashi kusan 40,000 na kamfanin William Lawrence, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1870 da 1914, kuma har yau ma'aikatansa suna ɗora tsofaffin hotuna a intanet suna roƙon jama'a su taimaka da sunan titi ko na mutumin da ke tsaye a ƙofar shago.

Saboda haka a ƙungiyarmu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, da ba ya barin kowa ya miƙa hoto sai ya juya bayansa ya duba. Idan bai ga kwanan wata da sunan wuri da sunan wanda ke ciki ba, sai ya ciro fensir daga aljihun rigarsa ya miƙa wa mai hoton, ya tsaya a kansa har ya rubuta.